Rikici ɗaya, kotuna da yawa: Yaushe ake dakatar da shari'a, yaushe ake haɗe ƙararraki?

A makon ƙarshe na watan Mayun 2024, mutanen Kano sun riƙa kwana da umarnin kotu guda su wayi gari da wani. Ranar 23 ga wata Majalisar Dokokin jihar ta soke dokar da ta raba masarautar Kano gida biyar, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu, ya kuma sanar da mayar da Muhammadu Sanusi II kan karaga. A ranar ce Mai shari'a Abdullahi Muhammad Liman na Babbar Kotun Tarayya ya ce kowa ya tsaya inda yake, bisa ƙarar da Aminu Babba Ɗan'agundi ya shigar. Ranar 27 ga wata Mai shari'a Amina Adamu Aliyu ta Babbar Kotun Jiha ta hana Aminu Ado Bayero gabatar da kansa a matsayin sarki. Washegari umarni biyu suka fito: Mai shari'a Amobeda na Kotun Tarayya ya ce a tabbatar wa Aminu Ado haƙƙoƙinsa na sarauta, kotun jiha kuma ta hana jami'an tsaro fitar da Sanusi daga fada. Sai da Alƙalin Alƙalan Najeriya na lokacin, Olukayode Ariwoola, ya kira shugabannin kotunan biyu su yi masa bayani.

Tambayar da jama'a suka yi ta yi ita ce: tunda magana ɗaya ce, me ya hana a tara ƙararrakin gaban alƙali ɗaya, ko wata kotu ta dakata har ɗaya ta gama? Doka ta tanadi hanyoyin biyu. Abin da ya kamata a fahimta shi ne iyakar kowacce, da dalilin da ya sa suke aiki a wani wuri su gagara a wani.

Me ake kira ƙararraki masu cin karo?

Ba duk ƙararrakin da suka yi kama da juna doka ke ɗauka abu guda ba. Alƙali yana duba abu uku: su wane ne masu rigimar, a kan me suke rigima, kuma wace tambaya ake so ya amsa.

Wani lokaci mutum ɗaya ne ke kai abokin rigimarsa kotu biyu kan magana ɗaya, don inda bai samu ba a nan ya samu a can. Wani lokaci kuma kowa ne ke kai ɗan'uwansa: ɗan kasuwa ya yi ƙarar wanda yake bi bashi, shi kuma wanda ake bin ya garzaya wata kotu yana neman ta tabbatar ba a bin sa ko kwabo. Akwai yanayi na uku, wanda babu mai laifi a ciki: mutane daban-daban abu ɗaya ya shafe su, kamar masu shagunan da aka rushe rana ɗaya ko ma'aikatan da aka sallama da takarda ɗaya, kowa ya ɗauki lauyansa ya shigar da tasa ƙarar.

Duk wannan ya bambanta da maganar da kotu ta riga ta yanke. Wadda aka yanke ta rufu tsakanin masu ita, hanyar da ta rage ita ce ɗaukaka ƙara. A nan ana magana ne kan shari'un da duk suna raye a lokaci guda.

Illar ba ta tsaya ga ninka kuɗin lauya da wahalar da shaidu ba. Babbar Kotun Tarayya da Babbar Kotun Jiha matsayinsu ɗaya, haka Babbar Kotun Kebbi da ta Ribas. Babu wadda ke da ikon soke umarnin 'yar'uwarta. Idan suka saɓa, umarnin kowacce na nan daram har sai ita da kanta ta janye ko Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe shi. A tsakanin nan, zaɓin wanda za a bi yana komawa hannun kwamishinan 'yan sanda ko wata hukumar gwamnati, wato hannun waɗanda aikinsu zartar da hukunci ne, ba tantance shi ba.

Kora, dakatarwa da haɗewa

Hanya mafi tsauri ita ce korar ƙara. A shari'ar Saraki da Kotoye ta 1992, Kotun Ƙoli ta lissafa shigar da ƙararraki barkatai a kan mutum ɗaya, kan batu ɗaya da tambayoyi iri ɗaya, cikin abubuwan da ake ɗauka wasa da tsarin shari'a. A ƙa'ida, ƙarar da aka shigar daga baya ce ke ɗaukar laifin, ita ake kora. Shi ya sa kwanan watan da rajistara ya buga a kan takarda yake da nauyi ƙwarai. Wanda kuma yake da nasa ƙorafin kan mai ƙararsa, hanyar da aka fi so ya bi ita ce ya shigar da martanin da'awa a cikin shari'ar da ake yi, maimakon ya buɗe sabuwa.

Dakatarwa ta fi sauƙi. Ƙarar ba ta mutu ba, jingine ta aka yi har a ga sakamakon wata. Ana yin haka idan ƙararrakin ba su zama ɗaya sak ba, amma amsar ɗaya za ta warware ɗayar ko ta rage mata aiki. Babu wanda ke da haƙƙin a dakatar masa kai tsaye. Alƙali ne ke auna wace aka fara shigarwa, wace ta fi nisa, wace ta ƙunshi dukkan masu ruwa da tsaki, da kuma wa jira zai cutar. Akwai wasu dalilan dakatarwa da ke kusa da wannan, kamar idan an ɗaukaka ƙara kan hurumin kotun, ko idan yarjejeniyar masu rigimar ta ce a fara zuwa gaban masu sasanci.

Haɗewa ita ce a saurari ƙararraki biyu ko fiye a zama ɗaya gaban alƙali ɗaya, saboda suna da tambaya ɗaya ta doka ko ta abin da ya faru. Tun a shari'ar Nasr ta 1977 Kotun Ƙoli ta bayyana cewa manufarta rage ɓata lokaci da kuɗi ne. Mutane da yawa na zaton haɗewa na mayar da ƙararraki ƙara ɗaya. Ba haka ba ne: kowace na riƙe da lambarta da masu ita, kowane mai ƙara sai ya tabbatar da da'awarsa, kuma dole alƙali ya faɗi hukuncin kowacce. Yana yiwuwa cikin shari'un da aka haɗe wani ya ci, wani ya faɗi.

Sharaɗin da ya fi muhimmanci kuwa shi ne ƙararrakin su kasance a kotu ɗaya. Idan suna gaban alƙalai biyu na Babbar Kotun jiha ɗaya, Babban Jojin jihar na iya mayar da su hannun mutum ɗaya. Idan ɗaya na Kotun Tarayya reshen Kano ɗaya na reshen Abuja, shugaban Kotun Tarayya na iya yin haka, domin kotu ɗaya ce mai rassa. Daga nan ikon ya ƙare.

Inda haɗewa ta yi amfani

Rikicin sauya fasalin naira a 2023 ya nuna matsalar da maganinta cikin wata guda. Jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara sun kai Gwamnatin Tarayya Kotun Ƙoli a farkon Fabrairu kan wa'adin daina karɓar tsofaffin takardun 200, 500 da 1,000. Ranar 6 ga wata wata Babbar Kotu a Abuja, bisa ƙarar wasu jam'iyyu, ta hana a ƙara wa'adin 10 ga Fabrairu. Kwana biyu bayan haka Kotun Ƙoli ta ba da umarnin da ya dakatar da wa'adin. Da yake ita ce ta sama, ba a daɗe ana gardamar wanda ya rinjayi wani a doka ba. Wasu jihohi suka nemi shiga ƙarar farko, wasu kamar Kano da Ribas suka shigar da nasu daban. Ranar 22 ga Fabrairu kotun ta haɗe su, ranar 3 ga Maris ta yanke cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har 31 ga Disamban 2023. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne sashe na 232 na Kundin Tsarin Mulki ya keɓe wa Kotun Ƙoli rigima tsakanin jiha da tarayya, don haka duk ƙararrakin jihohin ƙofa ɗaya suka shiga.

Haka aka yi a ƙararrakin zaɓen shugaban ƙasa na shekarar. Kwamitin alƙalai biyar ƙarƙashin Mai shari'a Haruna Tsammani ya haɗe ƙorafin Atiku Abubakar, na Peter Obi da na jam'iyyar APM a watan Mayu, duk da lauyoyin Bola Tinubu sun nuna rashin amincewa, aka kuma yanke hukunci ranar 6 ga Satumba. A nan Dokar Zaɓe ta 2022 ce da kanta ta ce a haɗe ƙorafe-ƙorafen da suka shafi zaɓe ɗaya sai in kotu ta ga dalilin raba su, ga kuma wa'adin kwana 180 da Kundin Tsarin Mulki ya gindaya.

Me ya sa ta gagara a Kano?

Domin ƙararrakin masarautar suna gida biyu ne da babu mai iko da su duka. Babban Jojin Kano ba ya iya karɓo fayil daga Kotun Tarayya, shugaban Kotun Tarayya ba ya iya karɓowa daga ta jiha. Alƙalin Alƙalai na iya kiran shugabannin kotuna ya ja kunne a matsayinsa na shugaban Majalisar Harkokin Shari'a ta Ƙasa, NJC, amma ba shi da ikon ɗauke shari'a daga wannan kotu ya kai waccan.

Akwai hanyar miƙa ƙara, sai dai ƙunci gare ta. Sashe na 22 na Dokar Babbar Kotun Tarayya ya ba alƙalinta damar tura ƙara kotun jiha idan ya ga can ya kamata a kai ta. Wato sai shi alƙalin ya yarda ba huruminsa ba ne. Miƙa ƙara daga kotun jiha zuwa ta tarayya kuwa ya fi wuya: a shari'ar Fasakin Foods da Shosanya ta 2006, Kotun Ƙoli ta nuna cewa dokar tarayya ba ta isa ta tsara wa kotun jiha yadda za ta miƙa ƙara ba, sai dokokin jihar sun ba ta dama.

Tushen abin shi ne hurumi. Sashe na 272 ya ba Babbar Kotun Jiha hurumi mai faɗi kan rigingimun jama'a. Sashe na 251 ya keɓe wa Kotun Tarayya wasu batutuwa da aka lissafa, kamar harajin tarayya, kwastam, harkar kamfanoni da ayyukan hukumomin tarayya. Sarauta ba ta cikin jerin. Amma sashe na 46 ya ba duk wanda ke ganin an tauye masa haƙƙinsa na ɗan'adam damar zuwa Babbar Kotu, kuma kotunan biyu na sauraren irin wannan ƙorafi. Nan ƙofar take. Lauya na iya ɗaukar rikicin sarauta, na fili ko na jam'iyya ya rubuta shi a matsayin tauye haƙƙi, ya sa Sufeto Janar na 'yan sanda cikin waɗanda ake ƙara, sai maganar ta ɗauki kamannin ta tarayya. Da an sauya sunayen masu ƙara da irin buƙatun da aka nema, kowane ɓangare na iya cewa tasa ƙarar daban take, hujjar wasa da tsarin shari'a kuma ta yi rauni.

Wannan ba sabon abu ba ne. Bayan gwamnan soja Yohanna Madaki ya tuɓe Sarkin Muri Umaru Abba Tukur a 1986, sarkin ya je Kotun Tarayya da ƙorafin tauye haƙƙi. A 1989 Kotun Ƙoli ta ce ainihin maganar ta sarauta ce, sauran ƙorafin rassa ne, don haka Kotun Tarayya ba ta da hurumi. Irin wannan matsaya Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ɗauka ranar 10 ga Janairun 2025, inda ta rushe umarnin Mai shari'a Liman saboda rashin hurumi. A ranar kuma ta rushe hukuncin kotun jihar, saboda ba a ba Aminu Ado cikakkiyar damar kare kansa ba, ta ce a sake shari'ar gaban wani alƙali. A watan Maris kotun ta dakatar da aiwatar da hukuncinta kan ƙarar Ɗan'agundi har Kotun Ƙoli ta duba. Wato tambayar wace kotu ce ma ya kamata ta saurari maganar ta ci fiye da wata bakwai kafin a samu amsar farko daga sama, ba a kai ga ainihin rikicin ba.

Matakan da aka ɗauka bayan 2021

Shekarar 2021 ce ta tilasta aka waiwayi lamarin. Cikin mako guda na watan Agusta, Babbar Kotun Ribas ta dakatar da Uche Secondus daga shugabancin PDP, ta Kebbi ta mayar da shi, ta Kuros Riba ta sake dakatar da shi. Duka ukun umarni ne na wucin gadi da aka bayar ba tare da an ji ɗaya ɓangaren ba. Kafin nan wata kotu a Birnin Kudu ta Jigawa ta yanke hukunci kan shugabancin jam'iyyar APGA, hukuncin da ya shafi takarar gwamnan Anambra. Alƙalin Alƙalai na lokacin, Ibrahim Tanko Muhammad, ya kira manyan jojin jihohi shida, a watan Disamba kuma NJC ta hukunta alƙalai ukun da suka ba da umarni kan PDP ta hanyar hana su ƙarin girma, biyu na shekara biyu, ɗaya na shekara biyar.

Dokar Zaɓe ta 2022 ta mayar da ƙararrakin zaɓen fitar da gwani hannun Kotun Tarayya, abin da ya sa suka dawo ƙarƙashin shugaba ɗaya. A watan Mayun 2022 NJC ta fitar da ƙa'idoji kan shari'un siyasa da na zaɓe, waɗanda suka hana kotu karɓar batun da takwararta ta riga ta yanke. Ƙa'idojin Kotun Tarayya kuma na buƙatar mai shigar da wasu nau'o'in ƙara ya haɗa da takardar rantsuwa cewa bai kai maganar wata kotu ba. Rantsuwar tana ɗaure mai ƙarar ne kaɗai. Ba ta hana abokin tafiyarsa shigar da irinta da sunansa. Dukkan matakan sun fi karkata ga siyasa, kuma hukunta alƙali na zuwa ne bayan umarninsa ya gama aikinsa a ƙasa.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

Amurka ta fuskanci ambaliyar ƙararraki a farkon shekarun 1960, lokacin da aka shigar da kusan 2,000 kan kamfanonin kayan lantarki da aka samu da haɗa baki wajen tsayar da farashi. Daga nan aka yi dokar 1968 da ta kafa kwamitin alƙalai bakwai mai ikon tattara ƙararraki masu tambaya ɗaya daga kotunan tarayya daban-daban zuwa alƙali ɗaya, don tattara hujjoji da share fage. Ta wannan hanya aka tara ƙorafin tsofaffin sojoji sama da 200,000 kan abin toshe kunne na kamfanin 3M a wata kotu a Florida, aka gwada 'yan kaɗan a matsayin zakaran gwajin dafi, kamfanin ya amince da sulhun dala biliyan 6 a 2023. Sai dai ikon kwamitin bai kai kotunan jihohi ba. Idan ƙara ɗaya na kotun jiha ɗaya na ta tarayya, Kotun Ƙolin ƙasar ta ce a 1976, a shari'ar ruwan Kogin Colorado, kotun tarayya ba za ta janye ba sai a yanayi na musamman. Katangar da ke tsakanin tarayya da jiha ba a Najeriya kaɗai take ba.

Tarayyar Turai ta zaɓi ƙa'ida mai kaifi ɗaya: kotun da aka fara kai wa ita ke da fifiko, ta biyu dole ta dakata. Tushenta na cikin tsarin shari'ar nahiyar. Dokar Faransa ma ta ce kotun da aka kai wa daga baya ta sauka idan wani ɓangare ya nema, ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa irin su Nijar kuma sun san wannan ƙa'ida. Amfaninta shi ne babu ruɗani. Illarta kuwa ta bayyana da wuri: wanda ya san ba shi da gaskiya sai ya riga shigar da ƙara a ƙasar da shari'a ke jan ƙafa, don ya ɗaure hannun kowa. A shari'ar Gasser ta 2003, kotun Turai ta ce dole kotun Austriya ta jira ta Italiya, duk da hujjar cewa kamfanonin biyu sun amince tun farko a yi shari'arsu a Austriya. Sai da aka gyara dokar a 2012 don a ba kotun da aka zaɓa a yarjejeniya fifiko.

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na arewa ke bi, ya rufe ƙofar ta wani gefe. Mashahurin zance, kamar yadda Ibn Asim ya kawo a littafinsa Tuhfa, shi ne a yi shari'a a inda wanda ake ƙara yake, abin da ke rage wa mai ƙara damar yawon neman alƙalin da ya yi masa. Kuma alƙali ba ya warware hukuncin ɗan'uwansa a mas'alar ijtihadi don kawai ra'ayinsu ya saɓa.

Hujjojin ɓangarori

Masu son a tsaurara na cewa hukunci biyu masu saɓani sun fi jinkiri muni, domin suna koya wa jama'a cewa umarnin kotu abin zaɓi ne. A ganinsu ya kamata alƙali na biyu ya dakata da zarar ya san akwai ƙara a wani wuri, a kuma kafa wata hukuma irin ta Amurka da za ta riƙa raba gardamar hurumi cikin kwanaki.

Masu ɗari-ɗari na da hujjoji masu nauyi su ma. Na farko, dakatarwa makami ce a hannun mai son ɓata lokaci, kuma jiran kotun da ba ta motsi daidai yake da rashin shari'a. Iyalan yaran da aka yi wa gwajin maganin Trovan a Kano lokacin sanƙarau na 1996 sun kai ƙarar kamfanin Pfizer, mai maganin, a New York a 2001. A 2002 kotun can ta ce Najeriya ce wurin da ya dace. Ƙarar da wasu iyalan suka shigar a Kotun Tarayya ta Kano kuwa ta yi ta fama da ɗage zama har masu ita suka janye. A 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta farfaɗo da maganar, shekarar da kamfanin ya yi sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano ba tare da amsa laifi ba. Na biyu, idan rigaye shi ne ma'auni, mai kuɗi da lauyoyi a shirye shi zai riƙa riga. Na uku, haɗewa na iya danne ƙaramin mai ƙara: shari'arsa mai sauƙi ta maƙale a jikin ta wasu mai shaidu hamsin, rashin zuwan lauya ɗaya ya ɗage wa kowa zama. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Akwai kuma masu kare tsarin tarayya, waɗanda ke ganin ba wa wata hukuma a Abuja ikon ƙwace fayil daga kotun jiha zai buƙaci gyaran Kundin Tsarin Mulki, kuma zai tara iko wuri ɗaya da 'yan siyasa za su fi sauƙin nema.

Idan aka auna misalan da suka gabata, wani abu ya fito fili: yawancin ruɗanin bai zo daga hukuncin ƙarshe ba, ya zo ne daga umarnin wucin gadi da aka bayar a bayan idon ɗaya ɓangaren. A irin wannan zama babu wanda zai tashi ya ce wa alƙali akwai wata ƙara a wani wuri, ko ya ƙalubalanci huruminsa. Wannan gyaran, wato a taƙaita irin wannan umarni a kuma fara warware tambayar hurumi, yana hannun alƙalai da ƙa'idojin kotunansu, bai jira majalisa ba.

Yadda abin ke shafar talaka

Mafi yawan ƙararraki masu cin karo ba sa shiga labarai. Misalin da aka saba gani a arewa shi ne gado: magada na gaban kotun shari'ar Musulunci ana rabon gida, sai wani ya fito ya ce marigayin ya sayar masa da gidan tun yana raye, ya kai ƙara Babbar Kotu da takardar mallaka, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba Babbar Kotu hurumi kan filin da gwamna ya ba da takardarsa. Waɗannan biyun ba sa haɗuwa. Abin da ke yiwuwa shi ne a jingine rabon wannan gida har a san ko yana cikin dukiyar mamaci, a ci gaba da rabon abin da babu gardama a kansa. Idan ba a nemi hakan da wuri ba, ana iya raba gida a sayar, sannan hukunci ya fito cewa na wani ne.

Wanda aka kai wa sammaci daga kotu ta biyu kan maganar da ake yi a wata kotun, kuskure ne ya ƙi zuwa don yana ganin shari'arsa na can. Alƙali ba ya sanin abin da ba a kawo gabansa ba, kuma ana iya yanke hukunci a bayan mutum. Abin yi shi ne a bayyana, a gabatar da kwafin takardun ƙarar farko masu hatimin kotu, a nemi kora ko dakatarwa tun kafin a shiga sauraren shaidu. Wanda kuma ake neman a dakatar da tasa ƙarar na iya roƙon alƙali ya sa sharaɗi, kamar a hana sayar da abin da ake rigima a kai ko a sa ranar dawowa a duba inda ɗaya shari'ar ta kai.

Ga waɗanda abu ɗaya ya shafa da yawa, akwai tarkon da ake yawan faɗawa. Mutum ya ce bari ya ga yadda ƙarar maƙwabcinsa za ta kaya kafin ya shigar da tasa. Hukuncin maƙwabci ba ya ba shi diyya, wa'adin shigar da ƙara kuma ba ya tsayawa jiransa. A ƙarar jami'an gwamnati kan abin da suka yi a bakin aiki, dokar tarayya da ke kare su ta ba da wata uku ne kacal a mafi yawan lokuta. Ya fi aminci a shigar da ƙara cikin lokaci, ko da za a jingine ta daga baya. Idan kuma buƙatar ɗaya ce, ƙa'idojin manyan kotuna sun yarda mutum ɗaya ko 'yan kaɗan su shigar da ƙara a madadin sauran, lauya ɗaya, kuɗin rajista ɗaya. Sharaɗin shi ne waɗanda ake wakilta su amince, domin hukuncin zai hau kansu ko an ci ko an faɗi, kuma wanda asararsa ta bambanta da ta sauran sai ya kawo hujjar adadin tasa.